Baƙo Raɓa Ne: Duban Shirin 'Yan Ritaya na Zuwa Aikin Sa Kai a Sansanin Ƙauye

A ƙarshen daminar da ta wuce wata takarda ta iso mana a makaranta daga zumuntar maza ta wata babbar ikilisiya a birni. Shafi huɗu ce, an buga ta da kyau. Dattawa goma sha biyu da suka yi ritaya daga aikin gwamnati, wasunsu tare da matansu, suna so su tafi ƙasar Ƙanƙara su yi mako uku a wani filin taro na ikilisiyoyin ƙauye da ba shi da nisa sosai da 'Yargoje. Za su gyara rufin ɗakin sujada, su yi fenti, su gina masai guda huɗu, da yamma kuma su yi nazarin Littafi Mai Tsarki da matasa. Sun roƙi mu duba shirin mu ba da shawara, in ya yiwu mu sa shi cikin abin da muke koya wa ɗalibai domin wasu ikilisiyoyi su yi koyi. Mun nemi izininsu mu yi wannan dubawa a fili, suka yarda, bisa sharaɗin kada a ambaci suna.

Da muka karanta, abu na fari da muka ji shi ne murna. Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yakan ajiye aiki in ya kai shekara 60, ko in ya cika shekara 35 yana aiki. Da yawa suna sauka da sauran ƙarfinsu, kansu cike da sani, sai mu kuma a ikilisiya mu ba su kujerar gaba, mu sa su addu'ar rufewa, shi ke nan. Takardar ta yi gaskiya da ta ce ritaya daga ofis ba ritaya ce daga hidima ba. Ta kawo Kalibu a Joshuwa 14, wanda ya nemi ƙasar tuddai yana da shekara 85. Mu da muke rubuta wannan ma furfura ta riga ta fara, don haka maganar ta taɓa mu. Ba mu da niyyar kashe wa kowa gwiwa. Amma an ce mu duba, kuma duk wanda ya duba da gaske zai ga cewa a shafi huɗun nan an yi lissafin albarkar da masu tafiya za su samu, ba a yi lissafin nauyin da masu masauki za su ɗauka ba ko sau ɗaya.

Masu takardar ba su ɓoye inda suka samo tsarin ba. Ɗaya daga cikinsu ya ziyarci 'yarsa a Amurka, ya ga yadda tsofaffi Kirista suke yi a can. Akwai ƙungiyoyi irin su SOWERS, da NOMADS ta ikilisiyar Metodis, inda miji da mata da suka yi ritaya sukan shiga motarsu mai ɗaki a ciki, su je wani sansanin Kirista a karkara, su yi kamar mako uku suna kafinta da fenti da gyaran famfo, sa'an nan su wuce wani wurin. Abu ne mai kyau, a wurinsa. Amma a lura da abin da yake riƙe da shi. Tsohon nan ya zo da gadonsa da murhunsa da abincinsa a cikin motarsa. Fanshonsa na shiga a kan lokaci. In ya faɗo daga tsani akwai asibiti da motar ɗaukar marasa lafiya. Babu mai tare masa hanya. Sansanin da ya karɓe shi kusan ba abin da yake kashewa sai wurin ajiye mota da wuta da ruwa, ga shi kuma ladan ma'aikaci a can yana da tsada, don haka kowace rana da tsohon ya yi aiki kuɗi ne mai yawa ya rage wa sansanin. Takardar dattawanmu ta ɗauko tafiyar da mako ukun da fentin, ta bar duk waɗannan ginshiƙai a can.

Abin da muke kira sansani a kudancin Katsina ma wani abu ne dabam. Fili ne, da ɗakin sujada, da 'yan ɗakuna, sauran kuma rumfunan kara da zana da akan kafa in taro ya zo a kuma rushe in an watse. Bayan girbi ikilisiyoyin Hausawa masu bi sukan hallara, kowace ta zo da hatsinta, matan Zumunta su ɗora tukwane, matasa su share fili su ɗebo ruwa. Da gayya aka gina irin waɗannan wurare, da gayya kuma ake riƙe su. Hannun aiki bai taɓa yin ƙaranci a wurin ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin kwano da siminti, da kuma kwanciyar hankalin da za a kwana a fili.

Wannan ya kawo mu kan babbar maganar. A duk takardar, batun tsaro jimla ɗaya ya samu, cewa Allah da ya kira su zai kiyaye su. Mun gaskata Allah yana kiyayewa. Amma bari mu tuna wa juna inda ake maganar zuwa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara. A watan Mayun 2021 aka shiga gidan limaman Katolika a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da wani dattijon limami. A Satumbar wannan shekarar gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutane suka yi watanni ba sa iya kiran kowa. A Yunin 2024 aka kai hari yankin 'Yargoje kanta, aka kashe mutane masu yawa, aka sace wasu. A Fabrairun 2025 aka ɗauke Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, daga gidansa a ƙaramar hukumar Bakori, ya yi kusan wata biyu a daji. Janar ke nan, a garinsu. An yi zaman sulhu a wasu wurare daga baya, wasu hanyoyi sun ɗan yi sauƙi, amma duk faston da yake zaune a can zai gaya maka cewa sauƙin na yau ne, gobe sai an tashi an gani.

Masu garkuwa da mutane 'yan lissafi ne. Suna da masu kai musu labari a kasuwa da tasha. Mota mai ɗauke da sunan ikilisiyar birni, cike da dattawa masu furfura da tabarau da kyawawan takalma, waɗanda kowa ya san suna da 'ya'ya a Abuja da Legas da ƙasashen waje, a idonsu kuɗi ne yake tafiya a kan hanya. Takardar har ta tanadi a sanar da ranar tashi a sujada mako huɗu a jere, a kuma riƙa sa hotunan aikin kowace rana a Facebook domin ƙarfafa 'yan'uwa.

Za a ce mana, ai sun yarda su ba da ransu. To, mutum yana da iko ya ba da nasa ran. Ba shi da iko ya ba da na wani. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. In an gama mako uku lafiya, baƙi sun hau mota sun koma, labarin da zai rage a kasuwa shi ne manyan mutane sun zo wa Kirista da kuɗi. Sabon kwano yana ƙyalli daga nesa. Wanda za a zo a tambaya ina kuɗin yake shi ne faston ƙauyen, da ma'ajin ikilisiya, da matansu. In kuma, Allah ya sawwaƙe, aka ɗauke mutum ɗaya cikin baƙin, wa za a kira a waya? Wa zai ɗauki jaka ya shiga daji? Wa hukuma za ta fara tuhuma cewa da bakinsa a ciki? Ba sakataren zumunta na birni ba ne. Mun ga yadda kuɗin fansar mutum guda yake cinye gonaki da shanu na dangi gaba ɗaya, mun kuma ga ikilisiyoyin da suka shekara suna biyan bashin da suka ci domin fitar da mai bishararsu.

Takardar ta kafa hujja da manzo Bulus a Ayyukan Manzanni 21, inda aka gargaɗe shi kada ya je Urushalima amma ya tafi. Gaskiya ne. Sai dai littafin nan ɗaya ya nuna mana Bulus a sura 9 ana zura shi a kwando ta bayan ganuwar Dimashƙu da dare, ya kuma nuna mana shi a sura 19 yana so ya shiga cikin taron masu tarzoma a Afisa, almajirai suka hana shi, ya kuwa hanu. Wato akwai lokacin da mutanen gari suka fi manzo sanin garinsu, shi kuma ya saurare su. Ya kamata mai hidima ya koya wa jama'arsa bambanci tsakanin wahalar da ta same mu a kan hanyar biyayya da wahalar da muka gayyato saboda ba mu tambayi kowa ba. Ubangijinmu da kansa ya ƙi ya faɗo daga ƙololuwar Haikali, ko da yake an kawo masa aya.

Akwai wani kuskure kuma da ya kamata a gyara tun kafin a taka ƙafa. Takardar tana magana kamar Kirista kaɗai ake kai wa hari a yankin. Duk wanda ya san wurin ya san yawancin waɗanda aka kashe a 'Yargoje da ƙauyukan Faskari da Sabuwa Musulmi ne, maƙwabtan 'yan'uwanmu, waɗanda suke noma gona da gona da su, suke kuma gudu tare in an ji harbi. Baƙon da ya zo da wancan tunani zai yi magana a kan bagade yadda zai ɓata zaman da mutane suka daɗe suna lallaɓawa. Shawarar da wani ya bayar cewa a nemi rakiyar sojoji ma tana da nata ciwon. Garin da ya binne mutanensa ba a ga motar tsaro a kan lokaci ba, in ya ga an jibge jami'ai saboda baƙin ikilisiya masu fenti, ba zai manta ba.

Ko da babu ɗan bindiga ko ɗaya a ƙasar, da sauran magana, wato ta ciyar da baƙi. A nan za mu faɗi laifinmu. Shekaru da suka wuce mun kai ɗalibai takwas wani ƙauye aikin mako guda. Mun dawo muna ba da shaida a kan karimcin mutanen, kullum shinkafa, kullum nama. Sai bayan wata uku muka ji a bakin wani cewa matar faston ta sayar da akuyarta mai ciki domin ta ciyar da mu, kuma da ita take shirin biya wa ɗanta kuɗin jarrabawa. Ba ta faɗa ba, ba za ta taɓa faɗa ba. Mutumin ƙauye ba ya ce wa baƙo kada ka zo, balle baƙon da ya girme shi, balle kuma dattijon ikilisiyar da take aiko masa da gudummawa. In ka tambaye shi a waya, amsar ita ce, “Baba, sai kun zo, muna murna.” Kunya ce take magana. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin izini bai san mutanensa ba. Mutum ashirin na mako uku, a wurin da wasu gonaki suka shekara ba a shiga ba saboda tsoro, a lokacin da sufuri ya yi tsada tun cire tallafin man fetur a 2023, ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan wankansu kaɗai, mata da 'yan mata ne za su ɗebo shi a ka.

Ikilisiyar farko ta san wannan matsala. Littafin nan da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, ya sa wa baƙo mai yawon hidima iyakar kwanakin da zai yi a kan kuɗin masu masauki, kwana ɗaya ko biyu, ya kuma ce wanda yake so ya zauna sai ya yi sana'arsa ya ci. Masu rubutun ba marowata ba ne. Sun ga yadda karimcin talakawa yake iya zama abin da zai karya su.

Sai kuma aikin kansa. A jerin sunayen da aka haɗa da takardar mun ga tsohon shugaban makarantar sakandare, da ma'aikaciyar jinya biyu, da akanta, da malamin gona, da wani da ya yi shekara 30 a ma'aikatar filaye. Babu magini ko ɗaya, babu kafinta. Waɗannan ne za su je su ɗauki kwanon siminti. A ƙauyen kuwa akwai samari magina da kafintoci da suke zaune ba aiki, wasunsu suna shirin tafiya ci-rani domin ba abin yi. Kuɗin mota da na magani da na abincin tafiyar nan zai biya su ladan aikin gaba ɗaya, aikin ya fi kyau, kuɗin kuma ya kwana a garin. Mun sha ganin bangon da baƙi suka gina da farin ciki, bayan sun tafi aka kira magini ya rushe a ɓoye ya sake.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne masu takardar sun kawo Littafin Ƙidaya 8, amma ba su karanta shi har ƙarshe ba. A can an ce Balawe in ya kai shekara 50 sai ya sauka daga aikin da aka saba, amma yana iya taimakon 'yan'uwansa wajen lura da Alfarwa. Ba a kore shi ba, ba a kuma ce ya ci gaba da ɗaukar kaya kamar saurayi ba. An sauya masa irin aikin. Barzillai kuma, a 2 Sama'ila 19, yana da shekara 80, ya ciyar da Dawuda da dukiyarsa a lokacin gudu, amma da sarki ya ce ya zo su tafi Urushalima sai ya ce shi zai zama kaya ne kawai, ya tura Kimham a madadinsa. Muna yawan wa'azi a kan Kalibu. Barzillai ma tsoho ne mai bangaskiya, ya kuma san abin da ƙafarsa za ta iya da abin da aljihunsa zai iya.

Ku duba abin da yake hannun dattawan nan. Filayen ikilisiyoyin ƙauye da yawa ba su da takarda, kyauta ce ta baki daga kakan wani, kuma in mutane suka gudu suka bar wuri shekara biyu, rikicin iyaka yana jiransu in sun dawo. Mutumin ma'aikatar filaye zai iya warware wannan daga teburinsa a Katsina. Ma'ajin ikilisiya da yawa ba a taɓa nuna musu yadda ake riƙe littafin kuɗi ba, kuma rabin faɗan da yake raba ikilisiyoyinmu daga nan yake tashi. Yaran da aka rufe makarantunsu ko aka gudu da su Funtuwa da Malumfashi sun yi shekaru a baya a karatu. Matan da suka dawo daga hannun masu garkuwa suna bukatar tsohuwar ma'aikaciyar jinya da za ta zauna da su a ɗaki ta saurare su ba tare da labarin ya fita ba. Ba ɗaya cikin waɗannan da yake bukatar mota mai rubutu ko mutum ashirin. Ba ɗaya kuma da yake yin kyau a hoto, muna zaton shi ya sa ba su shiga takardar ba.

Mu da muka taso a ikilisiyoyin da mishan ta kafa mun san wannan ciwo ta ɗaya gefen. Iyayenmu sun yi gunaguni cewa Turawa sukan zauna a Jos su yanke abin da ya dace da mu, sa'an nan su zo su sanar. Roland Allen, wanda ya yi aikin mishan a ƙasar Sin, ya rubuta tun 1912 cewa wannan hali yana hana ikilisiya tsayawa da ƙafarta. Da aka kafa ECWA a 1954, da kuma masu bisharar EMS suka shiga ƙauyukan Maguzawa suna noma suna wa'azi, mun ɗauka mun wuce wurin. Yanzu ga shi birni yana yi wa ƙauye abin da aka yi mana. Takardar tana da sa hannu uku, shugaba da sakatare da ma'aji. Babu na faston da za a sauka a gidansa. Da muka tambaya, aka ce za a sanar da shi in an gama shiri.

Dole mu yarda cewa irin wannan suka tamu tana da haɗarinta. Mai son zama zai karanta ta ya ce, ka ji, malamai ma sun ce kada a je. Ba haka muka ce ba. Ƙorafin da muka fi ji daga fastocin yankin in sun zo kwas shi ne an manta da su, shekara da shekaru ba wani babba da ya taka ya ga yadda suke. Aika kuɗi ta waya ba ya maye gurbin fuska. Saboda haka amsar da muka rubuta wa dattawan ba ta hana tafiya ba. Mun ce a fara tambayar masu wurin, ta bakin wanda ba za su ji kunyarsa ba, a kuma ba su hanyar cewa a'a ba tare da sun rasa gudummawa ba. In sun ce a zo, a je mutum biyu biyu, a motar haya, kwana biyu ko uku, ranar kuma faston ne zai sa ta, shi ne kuma zai soke ta ko da an riga an kama hanya. A tafi da hatsi da kuɗin cefane a damƙa wa uwargida tun daren farko. Ba sanarwa, ba hoto sai an dawo, wanda zai nuna wurin kuwa kada a sa shi sam. Kowane mai tafiya ya zauna da iyalinsa da dattawan ikilisiyarsa a rubuta wanda zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru, domin kada ya faɗa kan ƙauyen. Koyarwa mai tsawo, irin ta ma'aji da malaman yara, a yi ta a Funtuwa ko Zariya, a biya wa mutanen ƙauye kuɗin mota su zo. Gini kuma a bar wa magina.

Shugaban zumuntar bai ji daɗi ba da farko. Ya ce mana, “Malam, kun mai da mu masu aika saƙo.” Amma dattijo ne mai gaskiya, ya yarda a yi tambayar. Muka sa wani ɗalibinmu ɗan yankin, wanda suka yi makarantar firamare tare da faston, ya je gida hutu ya zauna da shi. Ya dawo da amsa a rubuce a bayan takardar baiko. Faston ya gode ƙwarai. Ya ce rufin zai iya jira, gama bana ma ba su da niyyar kwana a filin, taron yini ɗaya za su yi a watse kafin la'asar. Ya roƙi abu uku: a taimaka musu da takardar filin, a samo wa yara goma sha ɗaya da suka gama firamare wurin karatu a gari, kuma in Mama mai jinya za ta iya, ta zo ita kaɗai ranar kasuwa, a cikin motar da kowa yake shiga, akwai mata huɗu da yake so ta gani.